Faifan Lucia da Gyarar Mai Doya

Duk wanda ya taɓa sayen doya a kasuwar Karmo ya san Baba Yamusa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai faɗin kafaɗa da ke zama a ƙarshen layin 'yan doya, kusa da masu injin niƙa, yana ƙwanƙwasa benci da yatsu kamar mai jiran wani. Shekarunsa saba'in da uku. Ɗan Gbagyi ne, a Karmo aka binne cibiyarsa tun garin yana ƙauye, tun ba a yi zancen kawo babban birnin ƙasa nan ba. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma ragi. In ya ce kashi dubu goma sha biyu ne, to haka yake. Amma in ka biya ka juya za ka tafi, sai ya ce, "Tsaya," ya laluba ƙarƙashin buhu ya ɗauko 'yar doya ya ɗora maka. Sauran 'yan layin sun daina ba da gyara tun da kaya suka yi tsada, shi bai daina ba. A wurinsa ciniki bai ƙare ba sai an yi gyara, kuma gwargwadon sayenka gwargwadon abin da zai ɗora. Mai kashi ɗaya ya sami 'yar ƙarama. Wanda ya sayi ƙwarya, wato doya ɗari, ya sami manya uku. Uwarsa ce ta koya masa haka, ya kuma riƙe shi yadda ya riƙe zuwa coci.

Mutanen kasuwa ba su san yatsun nan sun taɓa neman abinci da ganga ba. A 1974 Yamusa ya bar gona ya bi motar doya zuwa Kaduna, ya sami aikin wanke kwanuka a wani otel inda wasu samari ke kiɗa duk Asabar. Lokacin kiɗan sol ne ke tashe, kiɗan nan na baƙar fatar Amurka mai jita da ƙaho, mawaƙi yana rera soyayya kamar mai roƙon Allah. Samari sun tara suma, sun sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Da mai gangar ƙungiyar ya shiga soja, sai Yamusa, wanda ya saba kiɗan bikin ƙauye, ya goge hannu ya ɗauki sandunan.

Mawaƙiyarsu Lucia ce, 'yar wani malamin coci daga wajen Gurara, wadda ta zo Kaduna koyon ɗinki. Gajeriya ce, ba ta da wani kyau na a zo a gani. Amma in ta buɗe baki, mashaya kan ajiye kwalba. A 1976 suka haɗa abin da suka tara suka tafi Ikko, suka ɗauki waƙa biyu a yini ɗaya, aka buga musu faifan garmaho ɗari uku, irin ƙananan nan masu waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. A jikin kwalin aka rubuta Lucia da Samarin Gurara. Waƙar gaba da Turanci take, ta soyayya irin ta kowa. Ta baya kuwa waƙar niƙa ce da yaren Gbagyi, wadda kakar Lucia ke yi a kan dutse, suka ɗora ta a kan jita da ƙaho. Naira ɗaya suka sa wa kowanne. Suka yi yawo shago-shago a Kaduna da Zariya da Jos, aka sayi arba'in da ɗaya. Masu shago suka ce wa zai sayi sol ɗin gida ga na Amurka jibge? Kafin shekara ƙungiya ta watse.

Yamusa ya auri Lucia suka dawo Karmo. Faya-fayan da suka yi kwantai suna cikin akwatin ƙarfe, ita ta ɗauko shi a kafaɗa daga bakin titi har gida, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, don su ba sa ɗora wa kai nauyi. Aka tura shi ƙarƙashin gado. Birni ya zo ya cinye gonar, Yamusa ya koma sayar da doyar wasu. Lucia ta yi ɗinki, ta yi waƙa a coci, ta rasu shekara tara da suka wuce, hawan jini ne ya tafi da ita. Tun tana da rai, duk Lahadi in an taso daga coci, Yamusa kan ɗora faifan a kan tsohon garmahonsa mai batir ya saurari waƙar baya. In allura ta cinye faifai ya fara ƙara kamar ana suya, sai ya ajiye ya ɗauko wani. Ya cinye goma sha tara a haka. An ba dangi wasu, yara sun fasa wasu, ɗaya kuma ya daɗe yana rufe bakin randa. Sauran suna nan yadda aka kawo su daga Ikko.

Bana da damina ta faɗi, masu rusau suka zo suka shafa wa layin gidansu jan fenti, suka ce kowa ya kwashe kafin ruwa ya ɗauke. 'Yarsa Rosemary ta zo daga Kubwa. Aikin shara take yi a wata ma'aikata a cikin gari, kullum tana bin bas tun asuba, ita da mijinta da 'ya'ya uku suna cikin ɗaki ciki da falo.

"Baba, kai za mu ɗauka, ba akwatinka ba," ta ce. "Ina zan sa shi? A kan yara?"

"Uwarki ce a ciki."

"Uwata tana maƙabarta. Wannan roba ce. Ka zaɓi biyu ko uku. Sauran na yi wa baban bola magana, Asabar ɗin ƙarshen wata zai zo da kurarsa."

Gaskiya ta faɗa, ɗakin ba zai ɗauka ba. Amma Yamusa ya san aikin baban bola, masu tura kura suna sayen tarkace. Akwatin za su auna su biya kuɗin ƙarfe, faya-fayan kuwa su juye a juji a cinna musu wuta tare da tsofaffin tayoyi. Ya kai maganar coci, fasto ya ce ba su da abin kunnawa. Ya tambayi mai shagon rediyo, ya ce ko kyauta ba ya so. Muryar Lucia ta yi kusan shekara hamsin a ƙarƙashin gado ba wanda ya nema, yanzu saura mako uku ta zama hayaƙi.

Ana haka, wata Talata ranar kasuwa, wani mutum ya tsaya a gabansa. Zai yi shekara arba'in, da farar shadda da tabarau, yana ɗaga ƙafa a cikin taɓo kamar kazar da ta shiga ruwa.

"Sannu da kasuwa, Baba. Kai ne Yamusa?"

"Ni ne. Kashi dubu goma sha biyu."

"Ba doya na zo saye ba."

"To ɗaga ƙafarka, ka taka min ɗaya."

Mutumin ya ba da haƙuri, ya ce sunansa Abdulmajeed, Bakatsine ne, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, gidansa yana Gwarinpa. Ya miƙa masa waya. Yamusa ya nisanta ta da idonsa, sai ga hoton Lucia tana da shekara ashirin da biyu, suma kamar kwando, samari huɗu a bayanta, na ƙarshe siriri kamar taɓarya riƙe da sanduna. Yatsunsa suka daina ƙwanƙwasa benci.

"Oga, ina ka samo matata?"

Abdulmajeed ya zauna a kan buhu, bai damu da shaddar ba. Ya ce shi mai tara tsofaffin faya-fayan sol ne, tun yana karatu a Ingila abin ya kama shi, kuma akwai irinsa da yawa a duniya, suna da dandalinsu a intanet inda suke saye da sayarwa. Shekara uku yana neman wannan faifan. A bayan kwalin ya ga an rubuta sunan mai ganga da garinsu, ya yi ta bin coci-coci yana tambaya har aka kwatanta masa layin 'yan doya.

"Baba, a iya saninmu guda huɗu ne suka rage. Ɗaya a Japan, biyu a Ingila, ɗaya a Jamus. Na ƙarshen da aka sayar bara, fam dubu biyu aka biya. Wajen naira miliyan huɗu ke nan."

Yamusa ya dube shi, ya dubi doyarsa. Ya tuna ranar da wani mai shago a Zariya ya ƙi karɓar guda biyar a kan sule biyar biyar.

"Waƙar ce ta ƙara daɗi, ko kunnuwan mutane ne suka buɗe?"

"Waƙar tana da daɗi, amma ba daɗin kaɗai ake biya ba. Akwai faifan manyan mawaƙan Amurka da duk duniya ta sani, ka same shi a kuɗin kwanon shinkafa, don an buga miliyoyi. Wanda aka buga kaɗan, bai karɓu ba, ya ɓace, shi ake rububi. In kuma allura ba ta taɓa hawa kansa ba, kwalinsa ba rubutu ba yagewa, sai kuɗin ya ninka."

"Wato rashin kasuwarmu ne ya zama kasuwa."

"Kusan haka."

"Su masu sayen, suna saurara?"

Abdulmajeed ya gyara tabarau. "Wasu. Wasu ba sa so allura ta taɓa shi, sai su rataye a bango cikin gilashi."

Ya tambaya ko akwai ko guda ɗaya da ya rage, Yamusa ya ce akwai. Ya tambaya ko mai kyau ne, ya ce sabo ne. Abdulmajeed ya cire hula ya share goshi, ya ce in har sabo ne zai biya miliyan uku. Yamusa bai yi zancen akwati ba, kuma ba ɓoyewa ya yi ba. Ɗan kasuwa ba ya lissafa wa mai saye abin da ke rumbu in guda ɗaya aka nema. Maganar guda huɗu kuwa, ya fahimce ta da hankalin mai doya: can ƙasashen ne babu. Doya tana tsada a Maiduguri don ba a nomanta a can, ba don manomin Gbagyi ya rasa ta a rumbunsa ba. Suka sa ranar Asabar da la'asar, don Rosemary ta zo, tunda ita ce mai asusun banki a waya.

Ran Asabar Rosemary ta zo da shirin faɗa, ta tabbata ɗan damfara ne. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gefen bangon da ke da jan fenti. Yamusa ya shiga ɗaki ya fito da faifai guda. Abdulmajeed ya nemi ruwa da sabulu ya wanke hannu, ya goge sosai, sannan ya karɓa. Ya zare shi daga kwali a hankali, bai taɓa fuskarsa ba sai gefe-gefe, ya karkata shi wajen rana. Baƙi wuluk, yana sheƙi, ko ƙwarzane ɗaya babu. Ya kai shi hanci ya shinshina. Yamusa ya yi mamaki, don rabon da ya ga an riƙe wani abu haka tun ranar da ungozoma ta miƙa masa Rosemary.

"Allahu akbar," Abdulmajeed ya faɗa a hankali. "Ya fi na Japan ɗin kyau."

Ya danna wayarsa, wayar Rosemary ta yi ƙara. Ta duba, ta ƙirga sifirin da yatsa, ta sake ƙirgawa, ta zauna a kan turmi. Abdulmajeed ya sa faifan cikin wata jaka mai tauri da ya zo da ita, ya yi godiya, ya miƙe.

"Tsaya," in ji Yamusa.

Kunya ce ta kama shi. Mai sayen doyar dubu goma sha biyu yana tafiya da gyara, sai wanda ya ba da miliyan uku ne zai fita gidansa hannu biyu? Ya koma ɗaki, ya yi tunanin uku, ya ga sun yi kaɗan. Ya fito da biyar a cikin baƙar leda, ya miƙa masa.

"Ga gyara. Ka ba abokanka."

Abdulmajeed ya leƙa ledar. Ya zaro ɗaya, ya zaro na biyu. Ya koma kan tabarma ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Baba, guda nawa ne a ɗakin nan?"

"Ban ƙirga ba tun rasuwarta."

Shi da Rosemary suka jawo akwatin zuwa tsakar gida. Da aka ɗaga murfin, warin tsohuwar takarda da kafur ya taso. Suna jere layi huɗu a tsaye, an cusa tsofaffin zannuwa a tsakaninsu, aikin Lucia ne, ita ce ta ce kada a kwantar da su don kada su lanƙwashe. Abdulmajeed ya durƙusa yana bi da yatsa, fuskar Lucia tana wucewa, tana sake wucewa. Ɗari biyu da takwas. Ya janye yatsansa. Mutumin da ya yi shekara uku yana neman na biyar a duniya, ga shi gaban ɗari biyu a gidan da kaji ke kiwo.

"Oga, lafiya? Ko ba su da kyau?"

"Kyansu ne matsalar, Baba." Ya yi wata 'yar dariya. "Ka san abin da gyararka ta yi? Wanda na saya yanzu, miliyan uku na biya don babu irinsa. In duniya ta ji labarin akwatin nan, ko dubu ɗari ba zai yi ba. Na Japan ma haka, na Ingila ma haka."

"Ai ba a taɓa nasu ba. Suna can a bangonsu."

"Ba sai an taɓa ba. Labari kawai ya isa."

Yamusa ya jinjina wannan. Shekara arba'in yana ba da gyara, bai taɓa ganin doyar da ya ɗora ta ruɓar da wadda aka saya ba. Wannan wace irin haja ce da ke lalacewa a Japan don an buɗe akwati a Karmo?

"To na cuce ka ke nan. Rosemary, mayar masa da kuɗinsa."

Rosemary ta sa wayar cikin rigarta.

"A'a, Baba, ciniki ya faɗa," in ji Abdulmajeed. "Ban tambaye ka guda nawa ba, laifina ne. Amma akwai hanya. Mu uku kaɗai muka ga akwatin nan. Ka ba ni shi in kai gidana, ina da ɗaki mai sanyi da na ware wa faifai. Ba wanda zai ji. Duk shekara mu fito da guda ɗaya, mu ce an tsinto shi a Jos ko a Minna. Farashi ba zai faɗi ba, kuɗin kuma mu raba biyu."

"Baba, ka ji," Rosemary ta ce. "Ga wurin ajiya, ga kuɗi duk shekara. Me kuma kake nema?"

Yamusa ya dubi akwatin. Wuta dai ba za ta ci su ba, wannan kam an tsira. Amma ya yi lissafi da yatsu a kan gwiwa.

"Guda ɗaya a shekara. Shekara ɗari biyu ke nan. Ta yi hamsin a ƙarƙashin gadona, yanzu ta yi ɗari biyu a ɗakinka, wanda ya fita kuma a rataye shi a bango. Oga, kai ka taɓa jin waƙar nan?"

Abdulmajeed ya ce ya ji guntun ta gaba, daƙiƙa talatin, wanda mutumin Jamus ya sa a intanet. Ta baya bai taɓa ji ba.

Yamusa ya fito da garmahonsa, ya ciro faifan da yake amfani da shi, wanda ya riga ya sha allura, ya hure shi ya ɗora. Aka ji ƙaras-ƙaras. Sai ganga ta shigo ita kaɗai, a hankali, gaba da baya kamar tafiyar dutsen niƙa. Jita ta biyo, ƙaho ya biyo. Sannan Lucia. Muryar ta fara daga ƙasa, kamar mace tana magana da kanta a bakin aiki, ta yi ta hawa har ta cika tsakar gidan ta tsallake katanga. Matan da ke layin famfo a waje suka yi shiru. Wata tsohuwa a maƙwabta, wadda ta san waƙar tun daga ɗakin uwarta, ta karɓi amshi daga bayan bango kamar yadda take yi duk Lahadi, ko da yake yau Asabar ce. Yatsun Yamusa suna bin gangar a kan murfin akwati, ba su kuskure ko bugu ɗaya ba. Abdulmajeed bai san kalma ɗaya ta yaren Gbagyi ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu har allura ta kai ƙarshe tana ta zagaye.

"Me take cewa?" ya tambaya.

"Mai niƙa ce take yi wa dutse magana. Tana cewa kai kana cin bayana, ni ina cin fuskarka, bari mu ga wanda zai riga ƙarewa."

"Sake sa ta, Baba."

Sau uku aka sa. Bayan na ukun Yamusa ya ɗaga allurar ya ce, "Ga nawa sharaɗin. Ka ɗauki akwatin, don ba ni da inda zan sa shi. Amma ka faɗa wa mutanenka gaskiya, guda nawa ne da inda suka fito. Ka sa kuɗin da mai son ji zai iya biya. In ba haka ba, ranar Talata duk wanda ya sayi kashin doya zan ɗora masa ɗaya, har su ƙare."

"Zai aikata," Rosemary ta ce. "Na san shi."

Abdulmajeed ya dubi jakarsa mai tauri inda miliyan ukunsa ke kwance. Ya dubi akwatin. Ya ciro waya, ya ce Baba ya matso kusa ya riƙe murfin, ya ɗauki hotonsu, tsoho da akwati da jan fentin a bayansu. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya tsaya da yatsa a sama kamar mai shirin shan magani mai ɗaci, ya ce bismillahi ya tura.

Kafin mako ya zagayo farashin ya faɗo daga fam dubu biyu zuwa fam arba'in. Mutumin Japan ya aiko da doguwar wasiƙa ta ɓacin rai. Ɗaya daga cikin na Ingila ya ce ƙarya ce, sabon bugu ne, sai da aka aika masa hoton lambar da ke jikin faifan ya yi shiru. Wasu abokan Abdulmajeed a dandalin suka daina yi masa magana. Amma saƙonni suka yi ta shigowa daga mutanen da a da ko mafarkin mallakarsa ba sa yi: ɗalibai, masu sa kiɗa a gidajen rawa, wata mata a Brazil mai shagon kofi, wani ɗan Gbagyi direban tasi a Kanada. Baban bola ya zo ranar da aka sa masa, ya tarar ba akwati, ya tafi da tsohon gado.

An rushe layin a watan Nuwamba. Kuɗin faifan ya kama wa Yamusa ɗaki guda a Kubwa, gida uku tsakaninsa da Rosemary, yanzu shi ma bas yake bi zuwa Karmo ranar kasuwa. Ya riƙe guda goma. A lissafinsa kowanne yana kai shi shekara biyu da rabi, ya ce bai ga alamar zai buƙaci na sha ɗaya ba.

Abdulmajeed yakan zo duk bayan mako biyu, yanzu da takalmin roba. Wata Juma'a, ita ma ranar kasuwa ce, ya zauna a kan buhu ya miƙa wa Yamusa waya. Bidiyon wani zaure ne a Lisbon, cike da samari da 'yan mata, baƙaƙe da farare, wata yarinya mai aski irin na maza ta ɗora ƙaramin faifai ta sauke allura. Ganga ta shigo, gaba da baya. Da muryar Lucia ta hau, sai duk zauren ya ɗaga hannu. Yamusa ya kalla har ƙarshe, ya ce a mayar farko. Masu niƙa suka kashe inji suka zo suna leƙe ta kafaɗarsa.

"Wannan yarinyar tana danna allura da yawa," ya ce. "Shekara ɗaya za ta cinye shi."

"Sai ta sayi wani. Saura talatin da ɗaya, kuma farashi ya fara hawa, ya kai fam sittin."

"Kada ka bari ya hau."

"Ba ni ke hawar da shi ba, Baba. Ƙarewa suke yi."

Yamusa ya mayar masa da wayar. Abdulmajeed ya sayi kashi biyu, ya biya dubu ashirin da huɗu ba ragi, ya ɗauka zai tafi.

"Tsaya."

"Baba, don Allah. Ni tsoron gyararka nake ji."

Yamusa ya laluba ƙarƙashin buhu, ya ɗauko doya mai ɗan girma, ya kaɗe mata ƙasa, ya ɗora masa a kai.